Wa Ke Raɗa wa Waƙa Suna?

Duk wanda ya saba zama a majalisar dattawa a Gusau, ko ta Kanwuri ko ta Tudun Wada, ya san ƙorafin nan da ba ya tsufa, wai waƙar zamani ba ta da Hausa. Sai a ce yaran yanzu sun iya fiyano, sun iya gyaran murya da kwamfuta, amma ka saurari waƙa daga farko har ƙarshe ba za ka tsinci karin magana ko ɗaya ba, alhali Ɗanƙwairo kafin ya dire ɗa guda ya jero maka uku. Akwai gaskiya a ciki, ba na musu. Sai dai in ka karɓi wayar wani matashi ka bi jerin sunayen waƙoƙin da ke cikinta, za ka ɗan sassauta. Karin maganar tana nan, wurin zama ta sauya. Da a tsakiyar waƙa take, yanzu ta fito ta hau kan suna. Ni a wurina wannan ƙaura ta ɗora wa mawaƙi wani nauyi da magabatansa ba su ɗauka ba, kuma a kan wannan nauyin ya kamata a riƙa tuhumarsa, maimakon a yi ta yi masa gorin bai zama Narambaɗa ba.

Akwai abin da yawancinmu muka manta. Makaɗan fada ba su san raɗa wa waƙa suna ba. Abin da waƙa take da shi shi ne gindi, wato amshin da ake komawa kansa bayan kowane ɗa, sai kuma ubangidan da aka yi wa ita. Da waɗannan kalmomi na gindi da ɗiya Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya daɗe yana tattara tarihin makaɗan ƙasar Hausa da waƙoƙinsu, yake fasalta waƙar baka a rubuce-rubucensa. Shi ya sa har gobe in mutumin Tsafe yana son jin shahararriyar waƙar da Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu, cewa zai yi a sa masa ta 'Yandoto, ko ya ɗan rera gindinta, nan take a gane. Haka waƙoƙin Sarkin Gobir na Isa Amadu a bakin Ibrahim Narambaɗa, haka na Sarkin Kudu Macciɗo a bakin Sa'idu Faru, haka waɗanda Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da taushinsa. Ko Mamman Shata, da bai ɗaure kansa a fadar kowa ba, da sunayen mutane aka fi sanin waƙoƙinsa, su Habu na Habu da Hassan Sarkin Dogarai. Ita kanta Bakandamiya ba ta mutum ɗaya ba ce, Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa.

Dalilin a fili yake. Makaɗi da mai sauraro suna wuri ɗaya, ko ƙofar fada, ko dandalin dambe, ko gonar gayya. Waƙar kuma ba ta da tsayayyen jiki. Abin da aka rera ranar hawan Salla ba lalle ne a maimaita shi ranar naɗin sarauta ba, za a ƙara ɗa saboda wani baƙo ya zo, a zubar da wani saboda wanda aka yi wa zambo a ciki ya rasu ko an shirya da shi. Abin da za a nema a bayan idon mai shi ne yake buƙatar suna, ita kuwa waƙa a lokacin sai a bakin mai ita.

Faifan garmaho ne ya zo da wannan buƙata. Faifan farko, mai juyi 78 a minti, kowane gefensa minti uku da 'yan kai yake ɗauka, kuma a tsakiyarsa akwai 'yar zagayayyiyar takarda da dole a buga wani abu a kanta. Waƙar da ake raba dare ana yi sai aka datse ta, aka ba ta lamba, aka ba ta suna. Kamfanoni irin su EMI suka ɗauki su Shata a faifai, gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya tara nasa, masu aika katin zaɓe daga Gusau da Ƙauran Namoda da Funtuwa kuma dole su rubuta wa mai gabatarwa abin da suke so a sa musu. Da kaset ya zo sai alƙalamin ya koma hannun mai shago, ya rubuta da biro duk abin da ya ga zai sa mai saye ya gane. Ke nan da yawa daga cikin sunayen da muke kiran tsofaffin waƙoƙi da su yau, akawun kamfani ne ya raɗa su, ko ma'aikacin rediyo, ko ɗan kasuwa. Ba su yi laifi ba. Gindin suka gutsuro, ko sunan ubangida, ko wani kirari da ya fi fitowa fili, kamar yadda waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna ta zama Mai Dubun Nasara.

A wancan zamani karin magana aiki take yi a cikin waƙa, aikin kuma mai haɗari. Ba don yabo kaɗai ake ajiye makaɗin fada ba. Akwai ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba, akwai hakimin da ke kai tsegumi Sakkwato a ɓoye, akwai bafaden da ya ci amana, kuma dukkansu suna zaune a gaban sarki lokacin da kotso ke tashi. Makaɗi ba shi da damar kama sunan ɗan sarki ya zage shi, don gobe shi ma yana iya hawa gadon. Sai ya koma ga kura da biri da jemage, ya koma ga maganganun da kowa ya gada daga kakanni, waɗanda ba za a ce shi ya ƙage su ba. In aka ce wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa, ko ruwa ba sa'an kwando ba ne, ko kifi na ganinka mai jar koma, duk wanda ke zauren ya san inda aka dosa, amma ba mai iya kai ƙara, domin wanda ya tsargu shi ya tona kansa. Mata ma haka suke yi a bakin turmi da kan ƙwarya. Amadar Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, cike take da habaicin da kishiya za ta ji har cikin ranta ba tare da an ambace ta ba.

To, ta ina karin magana ta hau kan suna? A ganina ta hanyar boko ta biyo. Littafi ba ya fita sai da suna a bangonsa, kuma marubutan farko da aka buga wa littattafai a Zariya sun ɗebo daga abin da suka sani. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya fito a tsakiyar shekarun 1930. Abubakar Imam ya biyo da Magana Jari Ce a 1937, kuma labarai da yawa na cikinsa da karin magana aka yi musu kai. Jaridar da aka fara a Janairun 1939 ma a kan ƙirar karin magana aka gina sunanta, Gaskiya Ta Fi Kwabo. Bayan shekara hamsin marubutan Kano suka ɗora daga nan, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Waɗannan marubuta su ne suka shiga fim a shekarun 1990, fim ya zo da waƙa, waƙar fim kuma sai da suna a kwalin kaset tun kafin ta fita kasuwa. A nan ne mawaƙin Hausa ya fara zama ya yi tunanin sunan waƙarsa da kansa. Ba mamaki ba ne da ya kasance ɗaya daga cikin waɗanda suka fi iya wannan, Aminu Ladan Abubakar Alan Waƙa, marubucin littattafai ne tun kafin a san shi da waƙa.

Abin da ya sa dabarar ta karɓu shi ne yadda Bahaushe yake yin karin magana. Ba kasafai yake cika ta ba, sai in da yaro yake magana ko da baƙo. Rabi yake faɗa ya yi shiru, abokin zancen ya ƙarasa a ransa. Hajiya Balaraba ba ta buƙaci ta gaya wa kowa cewa ubangidansa yakan bi ba, duk wadda ta ɗauki littafin a kasuwa ta riga ta ƙarasa, ta kuma san cewa akwai wani mugu a ciki da zai ga sakayya. Haka abin yake a waƙa. In mawaƙi ya sa wa waƙarsa Son Maso Wani, kafin a danna ta mai sauraro ya riga ya ce ƙoshin wahala, ya tuna wadda ta taɓa ƙin sa. In ya ce Garin Masoyi, an san ba ya nisa. In ya ce Komai Nisan Jifa, ko Ramin Mugunta, an san da wani yake. Kalma biyu ko uku sun yi masa tallar da ba zai iya biya a rediyo ba, sun kuma jawo mai sauraro cikin waƙar a matsayin wanda ya kawo rabin zancen da kansa.

Amma tallar nan bashi ce. Wanda ya ari maganar kakanni ya liƙa a goshin waƙarsa ya yi alkawari cewa abin da ke ciki zai kai nauyin abin da ke waje. Masu awo a kasuwar Tsafe sun san ɗan kasuwar da ke zuba tsabar masara mai kyau a bakin buhu, ƙasa kuwa duk ƙaiƙayi da tsakuwa. Irin wannan waƙa ta yi yawa. Za ka ga suna mai nauyi, ka saurara, sai ka tarar an maimaita sunan sau goma a amshi, sauran kuwa zuciya da hanta da numfashi ne, irin waɗanda za a iya cirewa a sa a kowace waƙa ba tare da an lura ba. Karin maganar ba ta yi aikin komai ba, ba a juya ta ba, ba a gwada ta da wani labari ba, ba a ma yi mata gardama ba. Makaɗin zamanin da, in ya kawo karin magana, yakan shimfiɗa mata hanya tun daga nesa, ya kawo wanda za ta faɗa wa, sannan ya sake ta. A nan ne nake tare da dattawan majalisa, ko da yake ba a kan abin da suka fi yin kuka da shi ba.

Dubi yadda Alan Waƙa ya yi da Baubawan Burmi. Tsohuwar magana ce da Bahaushe ke yi a kan rufa-rufa da yaudara, ya ɗauke ta ya ɗora a kan yadda talaka ke zaɓen shugabanni, kuma waƙar tun daga sama har ƙasa bayanin sunanta take yi. Haka Bara a Kufai. Duk wanda ya taɓa wucewa ta garin da mutanensa suka tashi ya san me ake nufi da tsayawa a ƙofar kango ana neman sadaka. Matasa da yawa da ba su taɓa jin waɗannan maganganu a bakin iyayensu ba, a bakin Ala suka fara jin su, suka je suka tambaya. Sai dai labarinsa ya nuna iyakar mafakar da lulluɓe magana ke bayarwa a zamanin faifai. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Hasbunallahu, wadda addu'a ce da ba a kama sunan kowa a cikinta ba, kuma a watan Yulin shekarar aka kama shi. A fada, wanda ya tsargu yakan haɗiye don kada ya tona kansa. Hukuma ba ta da wannan kunyar. Ga shi kuma abin da aka naɗa ba ya gushewa da iska kamar kiɗan daren jiya, ana iya kawo shi gaban alƙali a sa.

Mu a Zamfara wannan magana ta fi shafarmu fiye da kowa. Tun bayan da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, makaɗan gargajiya da yawa suka ga filinsu ya ƙuntata. Abin da ya rage kuma rashin tsaro ya zo ya ƙarasa shi. Wa zai tara gayya a gonar da ba a iya zuwa sai an biya harajin 'yan bindiga? Wa zai bar 'yarsa ta kai dare a dandali a ƙauyukan Tsafe ko na bayan Kwatarkwashi? Kakar da za ta yi wa jikoki tatsuniya tana gudun hijira a wani kango a Gusau, hankalinta na kan abin da za a ci gobe. Wuraren da yaro ke tsintar karin magana ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba, su ne suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage a buɗe dare da rana shi ne wayar da ke hannunsa. Ko mun so ko mun ƙi, mawaƙin fiyano ya zama malamin Hausar 'ya'yanmu, kuma sunan waƙa shi ne darasin da ya fi saurin zama a kai, don shi ake gani, shi ake rubutawa a nema, shi ake faɗa wa aboki. In aka karkata karin magana a suna don ta dace da kari, a karkace za ta zauna a kan yara dubbai.

Akwai kuma tsoro. A garin da ba ka san wa ke kai rahoto daji ba, ba ka kuma san wane yaron ɗan siyasa ne ke zaune kusa da kai ba, mutane sun koma magana irin ta zauren sarki. Ka saurari hira a tashar mota in an zo batun tsaro, za ka ji sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, za ka ji ɓera da ɗan gari, ba za ka ji sunan kowa ba. Mawaƙin da ke zaune a Bunguɗu, iyalinsa na nan, gonarsa na nan, ba zan ce masa ya fito ya kama suna ba alhali ni ina rubutu daga inda na fi shi samun sauƙi. In karin magana ce za ta ba shi damar faɗin abin da ke cin mutane ya kuma kwana gidansa lafiya, to ta yi aikin da aka san ta da shi tun asali.

Sai dai a nan ma ina da ƙorafi, kuma ba a kan yara kaɗai ba. Mun ɗauki karin magana kamar duk abin da ta faɗa daidai ne, don kawai tsofaffi ne suka faɗa. Ba haka ba ne. Mutane ne suka ƙage ta, cikinsu da mai hikima da matsoraci da wanda ke son talaka ya zauna inda aka ajiye shi. Ka lura da waɗanda aka fi yawan ɗauka a yi suna da su in an tashi waƙar halin da ake ciki: mahaƙurci mawadaci, bayan wuya sai daɗi, komai nisan dare gari zai waye, mai haƙuri yakan dafa dutse. Duk na lallashi ne. Mutumin da aka kore daga ƙauyensa, aka sace matarsa, ya sayar da gona ya biya fansa, a zo kuma a ce masa ya ci gaba da dafa dutse? Rumbun da aka ɗebo waɗannan, a cikinsa ne kuma ake cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, a cikinsa ake cewa in kunne ya ji jiki ya tsira, da zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda mawaƙi ya zaɓa daga ciki ra'ayinsa ne, ba zai fake da cewa kakanni ne suka faɗa ba.

Mafi muni shi ne rumbun ba ya tambayar wanda ya zo ɗiba. Kirarin da aka yi wa mazan fama da 'yan tauri da 'yan dambe, irin wanda Ɗan'anace ya ɗaukaka Shago da shi, da irinsa ne aka yi waƙar yabon ɗan bindiga Bello Turji da ta zaga wayoyi. Masu cewa ba sabon abu ba ne suna kawo Kassu Zurmi da Muhammadu Gambu, da suka yi wa ɓarayi waƙa a zamaninsu. Gaskiya ne sun yi. Amma ɓarawon da ke haura katanga da dare daban, wanda ke ƙone gari da rana tsaka daban, kuma waƙar Gambu sai ka je inda ake yin ta ko ka nemi kaset, wannan kuwa yaro ɗan shekara goma yana iya samun ta a wayar yayansa.

Game da sunaye irin na yanzu masu kalma ɗaya kuwa, ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye gidaje a 2020 lokacin kullen korona, Warr da Chass na Ado Gwanja suka biyo a 2022, biyun ƙarshe ma ba kalmomi ba ne, sauti ne. Kasuwa ce ta kawo haka. Wanda zai nemi waƙa a YouTube ko Audiomack da babban yatsa yana son abin da zai rubuta cikin daƙiƙa biyu, TikTok kuma 'yan daƙiƙoƙi yake gutsura daga waƙa ya bar sauran. Mai son ya ƙi Gwanja yana da dalilansa, amma ba zai ce babu Hausa a bakinsa ba, don gugar zanar da ke cikin waƙoƙinsa jikar amada ce kai tsaye. Kuma karin magana ba ta taɓa daina haihuwa ba. Kakanninmu sun ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Da aka yi 'yan sanda sai aka ce matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Wanda ya fara cewa sabon salo, kiran salla da usur, ai ya ga usur. Wasu maganganun da yaran Sabon Gari ke jefa wa juna yau, daga waƙa da fim suka fito, kuma waɗanda suka yi ƙarko a cikinsu jikokinmu za su kira su maganar mutanen da.

Asarar da ta fi damuna tana wani wuri da ba a cika dubawa ba. A farkon Satumba 2021 aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. An buɗe layukan Gusau a farkon Oktoba, sauran wurare sai daga baya. A makonnin nan duk wanda ya ji waƙa, daga abin da ke cikin memori ya ji ta, ko wadda aboki ya tura masa waya da waya, ko wadda ya biya aka zuba masa a rumfar masu caji da turin waƙoƙi. Wannan ya nuna inda taskar waƙoƙinmu take a zahiri: tana cikin kwamfutocin waɗannan rumfuna. Su ne magadan mai shagon kaset, su ke raɗa suna yanzu. Ka buɗe jakar da suka rubuta wa gargajiya ka gani. Waƙa ta ɗaya, waƙa ta biyu, tsohuwar waƙa, sarauta. Duk muryar da aka ji da kotso ko taushi sai a rubuta Ɗanƙwairo, ko da Jankiɗi ne, ko Sa'idu Faru, ko Aliyu Ɗandawo, don sunan Ɗanƙwairo ne ya fi saye. Daga nan wani ya ɗora ta a intanet da wannan kuskuren, dubban mutane su saurara, kuskuren ya zama shi ne gaskiya. Masu rubuta baitocin a ƙasa kuma su mai da Zamfarcin makaɗin Kananci, inda ba su gane ba su cike da abin da suka ga dama. Iyalan makaɗan ba su san ana yi ba, balle su ga ko kwabo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba na zargin yaron rumfa. Ba a haife shi ba lokacin da Jankiɗi ya rasu, kuma ba wanda ya taɓa ba shi jerin da zai duba. Amma waƙar fada in ta rabu da sunan wanda aka yi wa ita da dalilin yin ta, karin maganar da ke cikinta ta zama ado kawai. Za a ji daɗin kura da biri, ba a san wace rigimar sarauta ce ta haife su ba, ba a san me ya sa zauren ya yi tsit da aka faɗe su ba.

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999. Waɗanda suka yi musu amshi, da 'ya'yansu da suka gaji kiɗan, da tsofaffin fadawan Tsafe da Maradun da Bunguɗu da Kwatarkwashi da suka zauna a zaurukan da aka rera waɗannan waƙoƙi, suna raguwa kowace shekara. Aikin ba ya buƙatar kwangila. Masu nazarin Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta garin suna da ɗalibai da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, gidan rediyon jiha yana da tsofaffin kaset, masarautu suna da mutanen. A zauna da dattijo a sa masa waƙa, a rubuta wa ya yi ta, wa aka yi wa, a wane buki, waɗanne maganganu ne na gado a ciki, waɗanne ne makaɗin ya ƙaga da kansa har suka bi gari. Sannan a buga jerin a raba wa masu rumfunan turi kyauta, don su ne za su gyara sunayen a inda mutane ke gani. Za a tarar da gidajen da ba za su so a rubuta sunan kakansu a matsayin wanda aka yi wa zambo ba, ko da an shekara sittin. A bar musu wannan gurbin ba a cike ba, a rubuta sauran.